Motar da Ta Durƙusa wa Lalla

A shekarun farko bayan Nasara ya naɗe tutarsa ya koma gida, motocin Dakoro ba su da yawa, kuma wadda kowa ya sani a cikinsu ita ce koriyar landiroba ta Elhaji Na'Allah, mai fataucin hatsi tsakanin Maradi da ƙauyukan arewa. Suna dai na Elhaji ne. Mai motar na gaskiya shi ne shofer ɗinta, wani dogon Buzu siriri da ake kira Intalla, wanda ko Elhajin kansa sai ya kaɗe takalminsa kafin a bar shi ya shiga.

Intalla a dajin Azagor ya tashi, a bayan raƙuman ubansa. Lokacin da wani likitan dabbobi Bature yake yawon yi wa shanu allura, aka nemi wanda ya san rijiyoyi, aka kawo shi. Da farko yana gaba a kan raƙumi, mota tana binsa a baya tana nishi. Daga baya aka sa shi ciki yana nuna hanya da yatsa. Daga nuni sai ya shiga taɓa wannan, murɗa wancan, har ran da zazzaɓi ya kayar da shofer a tsakiyar daji, Intalla ya dawo da su gari ba tare da ya kashe kowa ba. Da likitan ya tafi aka yi gwanjon motar, Elhaji ya saye ta, ya ga ba ta rabuwa da Intalla, ya haɗa da shi.

Bai taɓa yarda a ransa cewa ba raƙuma ce ba. Ba ya zuba mata isansi, wato fetur, shayar da ita yake yi. In ya tsaya sai ya sa mata dutse a gaban ƙafa ya ce dabaibayi ne. Rairayi kuwa nan ne gwanintarsa: kafin su shiga jigawa zai sauka da ɗan tsinke ya zagaye ƙafafun nan huɗu, ya rage musu iska har su baje kamar tafin raƙumi, motar ta bi ta kan yashin da ke binne wasu. In an fita sai ya miƙa wa fasinjoji famfo, shi ya koma inuwa yana gyara rawani.

Abu guda ke cin ran mutumin nan, kuma duk garin an sani. Ya ɗauki kumandan mai mulkin gari a motarsa, ya ɗauki malamai da fatake da tumakin layya, amma uwarsa Lalla ta ƙi shiga. Tana can zangonsu na Azagor cikin bukkar fata, shekaru sun ja, yana ta fara rufe mata ido, ga tsohuwar raƙumarta wadda ita ma haƙoranta sun ƙare. Intalla ya gina mata ɗaki a gidansa na Dakoro, kusa da likita, ɗakin yana nan a share kaji na kwana a ciki. Duk zuwan da zai yi sai ya roƙe ta, amsar kuma guda ce.

“Abin da bai durƙusa mini ba, ba ni hawanshi. Ni ba buhun hatsi ba ta, da za a ɗauka a jehwa.”

Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Anna,” ya juyo da mota wayam. Yana jin tsoron ranar da za a aiko masa cewa ta mutu a hanya, a bayan dabbobi, shi kuwa yana da mota.

Maganar sa wa motar ƙarafa a gefe ta taso ne daga tsabtar Intalla. Ya goge motar nan wata safiya har tana ɗaukar ido, ya tsaya da ita a bakin wata rijiya kusa da Rumbu. Wani jan bijimi na Fulanin daji, mai ƙaho kamar an buɗe hannu za a yi addu'a, ya zo wucewa, ya duba ƙofar mota, ya ga wani bijimin yana harararsa. Bai nemi shawarar kowa ba. Ya ja da baya ya zuba wa ƙofar ƙaho, ya huda ta, ya yi tafiyarsa da alamar ya gamsu. Ba a yi nisa ba kuma wani kututturen aduwa da ke ɓoye cikin ƙarangiya ya yage mata ƙasan ciki daga gefe. Intalla ya shigo gari kamar wanda ya dawo daga jana'iza.

Wanda ya fara tare shi Abarci ne, maƙerin bakin kasuwa, gajere mai ƙirji kamar turmi. Tsakanin maƙera da Buzaye akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na iya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama ba a kai ƙara, Abarci kuwa ba ya barin wannan gado ya yi tsatsa.

“Buzu, mi ya samu raƙumarka? Na ga an huda mata haƙarƙari. Halan kishirwa ta sa ta yi dambe da sa?”

“Maƙeri, koma bakin wutarka. Wanga ba zancen lauje ba na.”

“Duk abin da anka yi da ƙarhe zancena na. Kawo ta in yi mata katanga.”

Ashe yana da wasu dogayen bututun ƙarfe da Nasara suka bari a wata rijiyar da suka fara haƙawa suka watsar. Shawararsa ita ce a lanƙwasa biyu, a ɗaura ɗaya a kowane gefe, ƙasa da ƙofa, su ɗan fito waje kamar taki guda, duk kututture ko ƙahon da ya zo ya gamu da su kafin ya kai ga jikin mota. Elhaji da ya ji ya ce shi mota ya saya ba dokin yaƙi ba, balle a sa mata sulke. Amma Intalla ya ɗaure fuska, ya daina amsa gaisuwa da kyau, shayinsa ma ya koma shan shi kaɗai, har Elhaji ya gaji ya ce a yi.

Ran da aka ɗaura su, rabin kasuwa ya zo kallo. Aka rabu biyu a gindin gawo. Wasu suka ce nauyi ne kawai aka ƙara wa baiwar Allah, za ta riƙa nutsewa a yashi. Wasu suka ce ai ko bukka ana yi mata shinge. Ba wanda ya taɓa tuƙa ko amalanke a cikinsu, amma an yi musu har la'asar.

Gaskiya ƙarafan sun yi aikinsu. Kututture ya daki na dama sau da yawa, mota ba ta ji ba. Abin da Abarci da Intalla suka manta shi ne halin mutanen da za su zauna da ƙarafan.

A ƙasar nan ba a wuce mai tafiya a ƙasa. A da in mota ta cika, Intalla yakan leƙo ya ce, “Ka gani da idonka, babu wuri,” mutum ya yi masa fatan sauka lafiya, ba wanda ya ji kunya. Yanzu kuwa sai mutum ya ce, “Ba sai na shiga ba, shofer,” ya ɗora ƙafa a kan ƙarfe, ya kama rufi, ya ce bismillah. Na bayansa ya yi haka, da sandarsa da gorarsa da ɗan akuyarsa a kafaɗa. Motar takan isa Badar Gula ba a ganin korenta, sai riguna da rawuna suna kaɗawa ta kowane gefe, Intalla a tsakiya yana leƙen hanya ta ƙarƙashin hammatar wani.

Wannan ma da sauƙi. Ranar kasuwa, duk abin da ya tsaya cak a Dakoro turke ne, kuma dabbar da aka ɗaure a turkenka amana ce a wuyanka har mai ita ya dawo. Intalla zai fito daga masallaci ya tarar da awaki a hagu, tumaki a dama, wani lokaci har da ɗan maraƙi, duk an ɗaure su a ƙarafan Abarci da ƙulli mai kyau. Ba ya iya kwance su, ba ya iya tafiya da su. Sai ya zauna yana jiran mutanen da bai san fuskarsu ba, yana tsinewa a ƙarƙashin rawani, in sun zo kuma ya amsa godiyarsu da “ba komai”.

Wata Juma'a ya duba hagu ya ga babu ko akuya, ya yi hamdala, ya shiga ya tayar. Bai zagaya dama ba. A can kuwa jakin Uwale mai fura ne a ɗaure. Allah ya sa cikin kasuwa ne, tafiyar a hankali ce, jakin ya ga ba zaɓi ya kama sassarfa a gefen mota kamar an ɗauke su aiki tare. Mutane suka yi ta ihu suna ɗaga hannu. Intalla, da yake mutum ne mai ladabi, ya ɗauka gaisuwa ce, ya riƙa ɗaga nasa hannun yana amsawa dama da hagu. Uwale na biye da gudu, ludayi a hannu, tana kiran sunayen kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Haka ayarin ya zo ya tsaya a ƙofar gidan Elhaji, daidai lokacin da yake zaune da manyan baƙi fatake daga Najeriya yana ba su labarin natsuwar shofer ɗinsa.

Jakin ko ƙwarzane bai yi ba. Bakin Uwale ne ya yi ɓarna, don sai da ta wanke Intalla tas, ta juya kan Abarci da ba ya wurin, ta ɗan taɓa Elhaji ma da gefen harshe. Da baƙi suka tashi, Elhaji ya kira Intalla zaure.

“Na gaji. Motata ta koma turke, ta koma tsani. Kahin ta sake taka hanyar Maradi a cire ƙarahwan ga.”

Intalla bai yi musu ba, don shi ma sun ishe shi. Amma kafin a kai motar maƙera sai ga saƙo daga Azagor. Raƙumar Lalla ta kwanta ba ta tashi ba. Ruwan farko ya sauka, zango zai tashi zuwa arewa inda dabbobi ke lasar gishiri, tafiya ce mai nisa, kuma tsohuwa ta ce za ta bi su da ƙafa. Ta ƙi jaki, ta ce ba ta hau shi da ƙuruciya ba. Raƙuman da suka rage ƙosassu ne masu gardama, ba wanda zai yarda ya ɗora makauniya a kansu. Intalla ya san in ta bi su ba za ta ga kaka ba.

Ya roƙi Elhaji aron motar, Elhaji ya ba shi ba tare da ya bari ya gama magana ba. Abarci ya ji labari ya zo ya shige gaba ba gayyata.

“Ina za ka, maƙeri?”

“Rakiyar ƙarahwana. Tunda yanka su za a yi, su ga daji na ƙarshe. Kuma Buzu ba ya iya roƙo, kunya ta yi muku yawa.”

Sun isa da hantsi. An riga an kwance bukkoki, ana ɗaure kaya a kan jakuna, mata na naɗe tabarmi. Lalla na zaune a kan buzun fatar rago a inda bukkarta take a da, sandarta a gefe, takalmanta a ƙafa, ta shirya. Intalla ya tsuguna nesa kaɗan, ya ja rawani ya rufe baki kamar yadda ake yi a gaban manya, ya yi gaisuwa mai tsawo. Sannan ya yi roƙo. Ya ambaci ɗakin, ya ambaci likita, ya ambaci jikokinta. Abarci ma ya sa baki, ya ce in ta zo zai ƙera mata awarwaron da ba a taɓa gani ba. Ta ce maƙeri ya riƙe awarwaronsa ya sa wa jakin da ta ji labari. Ashe labarin ya riga su zuwa.

“Na hwaɗa maka tun ba yau ba,” ta ce wa ɗanta. “Tun ina yarinya raƙumi ka durƙusawa in hau. Yanzu da na tsuhwa za a kama ni hannu da ƙahwa, maza su ɗaga ni gaban zango duka? A'a. Tahi abinka, Allah shi yi maka albarka.”

Albarkar nan ta fi zagi ciwo. Intalla ya tashi idonsa ya kaɗa, ya nufi mota. Da yake ta kan tudu mai tauri suka zo, komawa kuwa ta jigawa ya fi kusa, sai hannunsa ya yi abin da ya saba ba tare da ya yi tunani ba. Ya zaro tsinke ya tsuguna a ƙafar gaba ta hagu ya danna. Iska ta fara fita da dogon huci.

Lalla ta karkato kai. “Mi ke huci haka?”

Abarci ko ƙifta ido bai yi ba. “Raƙumar ɗanki ta, Inna. Gardama takai. An ce ta durƙusa, tana ƙorahi.”

Intalla ya ɗago zai zage shi, sai ya fasa. Ya dubi motar, ya ga kafaɗarta ta hagu ta ɗan sunkuya. Bai cire tsinken ba. Ya bar iskar ta fita har ƙarfen ƙafa ya kusa taɓa yashi, ya koma ta baya ya yi mata haka, yana yi yana yi mata irin sautin da ake yi wa raƙumi in ana so ya kwanta. Motar Elhaji ta yi ta huci tana sauka, tana karkatowa wajen tsohuwa, har ƙarfen Abarci na hagu ya zo dab da ƙasa. Masu ɗaurin kaya suka saki igiya suka tsaya kallo.

Lalla ta tashi da kanta. Wata jikarta ta miƙo hannu, ta ture shi. Ta tako da sanda har ta taɓa jikin mota, ta shafa, ta laluba da ƙafa ta ci karo da ƙarfen, zagayayye, rana ta ɗumama shi.

“Wanga shi na wuyan?”

“Shi na, Anna.”

Ta tuɓe takalmanta, don ba a taka wuyan raƙumi da takalmi. Ta miƙa wa Intalla su, ta ɗora tafin ƙafa a kan ƙarfen, ta kama bakin ƙofa, ta yi bismillah ta hau, ba wanda ya taɓa ko gefen zanenta. Da yake ta hagu ake hawan raƙumi, ta hagun ta hau, wato mazaunin shofer, ta zauna daram ta riƙe abin juya mota da hannu biyu. Matan zango suka rangaɗa guɗa.

Intalla ya matso yana rarrashi a kan ta ɗan gusa ciki. Ta sunkuyo daidai kunnensa, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

“Kada ka ɗauke ni wawuya, ɗana. Ido na rasa, ba hankali ba. Na san ƙarhe na, na san iska kac cire. So nike dai su gani da idonsu hawa na yi, ba ɗaukata anka yi ba.”

Ya ja rawaninsa sama har ya kusa rufe ido, ya daɗe yana gyara shi.

Saura tayar da raƙuma. Intalla ya ɗauko famfo ya miƙa wa Abarci, ya ce ai zuga aikin maƙeri ne. Abarci ya yi ta bugu cikin rana, gumi na zuba, Lalla na leƙowa tana cewa dabbar nan akwai nawa wajen tashi, ko dai mai zugar ne rago. A hanya ma ba ta bar su sun huta ba. Ta ce tafiyarta ba daɗi, ba ta san inda za ta sa ƙafa ba, kuma warin bakinta ya fi na kowane raƙumi da ta sani.

Da suka iso Dakoro, Intalla ya bi ta ƙofar gidan Elhaji don ya yi godiya. Lalla ta ce a nan za ta sauka ta gaida mai dabbar, kuma ba ta sauka sai an durƙusa. Elhaji na tsaye yana kallo aka sace wa motarsa iska a ƙofar gidansa, tsohuwa ta sauko ta kan ƙarfen da ya ce a cire, ta karɓi takalmanta, ta gaishe shi kamar sarauniyar da ta zo duba talakawanta. Elhaji ya dubi ƙarfen, ya dubi Intalla, ya shafa gemu.

“Na dama dai a cire shi, shi ya ja mini jaki. Wanga na hagu ku bar shi.”

Haka motar ta yi sauran rayuwarta da ƙarfe ɗaya, tana tafe kamar mai ɗaurin zane a karkace. Masu maƙalewa suka koma rabi, awaki ma haka. Lalla ta zauna a ɗakin da aka kori kaji, likita ya ɗan buɗe mata ido ɗaya, ta ga jikokinta ta ce duk hancin uwarsu suka ɗauko. Wadda ta ƙi mota shekara da shekaru sai ga shi ta kamu da son yawo. Bini-bini ta ce a kai ta ta ga rijiya kaza, kuma kowace fita da durƙuso biyu, na hawa da na sauka. Abarci ya ce da ya san ƙarshen abin zuga ne da ya bar bututun nan a ramin da ya same su. Ta yi damuna huɗu a gidan ɗanta, ta rasu a kan gadonta yana riƙe da hannunta.

Daga baya motoci suka yawaita, samarin shofer masu shiga daji sukan zo wurin Intalla su tambaye shi ko ƙarfen gefe ya cancanci wahalar sawa. Yakan ce musu kada su soma. Nauyi ne, ya ce, yana jan fasinjan da ba ka gayyata ba, yana jan akuya, in ba ka yi sa'a ba ya ja maka Uwale. In suka ce to shi don me bai cire nasa ba, sai ya tashi ya ce rana ta yi, yana da tafiya. Ya je bakin ƙofar hagu, ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, sannan ya taka ƙarfen ya hau. Har ya bar tuƙi ba a taɓa ganin ya taka shi da takalmi ba.